Laima a Silin: Abin da Ke Sa Fim ɗin Fasa Taska Ya Kama Zuciya

Mutum huɗu ne a wani ɗaki a saman bene, cikin tsakar dare, a birnin Paris. A ƙarƙashinsu akwai kantin gwala-gwalai da lu'ulu'u. Sun naɗe kafet, sun ɓamɓare katakon ƙasa, suna sarar siminti a hankali da guduma da aka naɗe wa kai don kada ta yi ƙara. Da ramin ya ɗan buɗe, sai aka zura laima a rufe, aka buɗe ta daga ƙasa, ta zama faranti mai tare ɓaraguzai, domin ƙararrawar kantin ko ɗan girgiza ta ji za ta tashi. Ba wanda ya ce uffan. Babu kiɗa. Kusan rabin awa ana haka, daga numfashi sai gumi, ido ya kalli ido, hannu ya miƙa wa hannu kayan aiki. Can wani ya taɓa fiyano bisa kuskure, sauti guda ya fita, sai ka ji gabanka ya yanke ya faɗi kamar kai za a kama.

Wannan fitowar a fim ɗin Rififi take, wanda Jules Dassin ya shirya a Faransa a 1955, bayan an toshe masa hanyar aiki a Amurka bisa zargin gurguzu. Da shi ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes na wannan shekarar. Shekara saba'in ke nan, amma duk wanda zai yi fim ɗin ɓarayi masu tsara sata sai ya bi ta gaban wannan rabin awar, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne faɗuwar gaban nan. Mutanen ɓarayi ne, ka sani, kayan wani za su kwashe. Kai da ko allurarka aka ɗauka sai ka yi kwana uku kana mita, me ya kai ka roƙon kada ƙararrawa ta tashi?

Amsar tana cikin abin da ya faru kafin daren. Dassin ya ɓata lokaci yana nuna mana su suna leƙen titin: ƙarfe nawa ake rufe kanti, yaushe 'yan sanda ke wucewa, wane ne ke fara buɗe shagonsa da asuba. Sun samo ƙararrawa irin ta kantin sak, suka kai ta wani ɗaki suna gwada ta. Suka taɓa waya, ta yi ƙara. Suka ɗan buga, ta yi ƙara. Sai da suka gaji, sannan dabara ta faɗo wa ɗayansu ta cika cikinta da kumfar abin kashe gobara, muryarta ta shaƙe. Duk wannan a gabanmu aka yi. Saboda haka ranar aiki ba baƙi ba ne mu. Mun san abin da ake tsoro, mun san abin da zai biyo bayan kowane mataki, mun san abin da sautin fiyano guda zai iya jawowa. An riga an sa mu cikin tawaga ba tare da an nemi izininmu ba, kuma wanda ya san sirrin aiki yana son ya ga aikin ya yi kyau, ko da aikin na ɓarna ne.

A ganina nan ne gindin maganar duka. Fim ɗin fasa taska mai kyau yana ba mai kallo sani, sannan ya azabtar da shi da sanin. Darakta Alfred Hitchcock ya yi wannan bayanin tuntuni a hirarsa da takwaransa François Truffaut, da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Mutum biyu na hira, bam ya tashi ba zato ba tsammani: 'yan kallo sun sami firgita ta daƙiƙa goma sha biyar. Amma a nuna musu bam ɗin tun farko, a nuna musu agogo, a bar mutanen nan su ci gaba da hirarsu ta banza: an sami minti goma sha biyar na zaman ɗar-ɗar. Taswirar da ake shimfiɗawa a kan tebur a irin waɗannan finafinai, oga na nuni da ɗan yatsa yana cewa kai ka tsaya nan, kai ka yanke wuta ƙarfe kaza, ita ce bam ɗin. Alkawari ne ake ɗauka a gaban mai kallo cewa ga yadda abin zai tafi. Daga nan kuma duk daɗin fim ɗin yana cikin tazarar da ke tsakanin yadda aka tsara da yadda ta kaya.

Masu rubuta irin wannan labari suna da wata tsohuwar ƙa'ida da ba a rubuce take ba, amma da wuya ta saɓa. In an karanta maka shirin dalla-dalla, to zai wargaje. In an ɓoye maka shi, to zai yi nasara. Dalilin a fili yake, ba wanda zai zauna ya ji abu da baki sannan ya sake kallonsa da ido ba tare da wani sauyi ba. Ƙwararren darakta yana wasa ne a tsakanin biyun: ya ba ka kashi bakwai cikin goma, ya riƙe uku.

Sai dai riƙewar ma da ladabinta, kuma a nan finafinai da yawa na baya-bayan nan suke faɗuwa. An kama jarumi, an sa masa ankwa, komai ya lalace, sai a yanke hoto a koma baya kwana uku a nuna maka wai ashe duk da saninsa aka yi, ashe ɗan sandan ma nasu ne, ashe jakar tun jiya aka musanya ta. Sau ɗaya a fim ana iya haɗiye wannan. In ya zama ɗabi'a, ya koma rainin hankali, domin an koya wa mai kallo cewa duk haɗarin da ya gani na ƙarya ne, akwai wani bayani da ke zuwa. Daga lokacin ba zai ƙara jin tsoro ba, kuma fim ɗin sata da ba a jin tsoro a cikinsa tallan tufafi da motoci ne kawai. Ocean's Eleven na Steven Soderbergh, na 2001, ya yi irin wannan juyin amma ya biya kuɗinsa. A gaban idonmu suka gina taskar bogi irin ta gidan cacar Bellagio a wani sito, aka ce mana don atisaye ne. Da aka zo ƙarshe aka gane a cikinta suka ɗauki hoton bidiyon da suka yaudari mai gidan cacar da shi, har suka fito da kuɗin sanye da kayan 'yan sanda na musamman da ake kira SWAT, sai mutum ya ce kash, ai na gani, ban dai lura ba ne. Tsakanin "ban lura ba" da "ba a nuna mini ba" akwai tafiya mai nisa. Ta farko tana sa ka sake kallon fim ɗin, ta biyu tana sa ka ji an yi maka wayo. (Ko shi ma ɗin bai tsira gaba ɗaya ba. Har yau masu bin diddigi suna tambayar ta ina jakunkunan takardun banza da aka fitar a matsayin kuɗi suka shiga taskar.)

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan finafinai a zahiri finafinan sana'a ne. Daɗin da mutum ke ji in ya tsaya yana kallon gwani na aikinsa, hannu ya san inda zai je ba sai ido ya duba ba, shi ne daɗin da ake sayar mana. Michael Mann ya fi kowa fahimtar haka. A fim ɗinsa Thief na 1981 ya ɗauko ɓarayi na gaske suka zama masu ba da shawara, har ɗayansu ya fito a matsayin ɗan sanda. Jarumin fim ɗin, James Caan, ya koyi riƙe kayan aikin da gaske, kuma sandar wutar da aka narka ƙofar sef da ita ba ta wasa ba ce, tartsatsin da ke cika ɗakin na gaske ne. Mai kallo bai san yadda ake fasa sef ba, amma yana gane nauyin ƙarfe a hannun mutum, yana gane wanda ya gaji da gaske da wanda ke kwaikwayon gajiya. Shi ya sa shiru ya fi kiɗa amfani a nan. An ce mawaƙin Rififi, Georges Auric, ya riga ya tsara kiɗan da za a ɗora a kan fitowar satar, da aka nuna masa ita da kiɗa da kuma babu kiɗa, shi da kansa ya ce a bar ta haka nan. Jean-Pierre Melville ya bi wannan sawun a Le Cercle Rouge na 1970, inda aka kwashe kantin lu'ulu'u a dandalin Vendôme kusan ba tare da magana ba. Kiɗa yana gaya maka abin da za ka ji. Shiru kuwa yana barin ka da kunnenka, kana sauraron takun mai gadi tare da su.

Daga nan ne matsalar zamaninmu ta taso. Manyan sace-sace yanzu a kan kwamfuta ake yin su. A watan Fabrairun 2016 wasu suka kutsa cikin na'urorin babban bankin Bangladesh suka aika umarnin fitar da kusan dala biliyan ɗaya daga asusunsa da ke New York. Dala miliyan 81 ta wuce zuwa Filifin. Wata miliyan 20 da aka tura Sri Lanka ta maƙale saboda an yi kuskuren rubuta kalma guda a sunan wanda za a biya. Labari ne mai ban al'ajabi, amma sa shi a gaban kyamara ka gani: mutum zaune yana danna madannai. Ba gumi, ba igiya, ba ramin da za a zura laima. Brian De Palma ya gane wannan tun 1996 a Mission: Impossible. Bayanai ne za a sata daga kwamfuta, amma sai ya ajiye kwamfutar a ɗakin da ƙasansa ke jin nauyi, iskarsa ke jin zafin jiki, bangonsa ke jin sauti, ya rataye Tom Cruise da igiya daga sama, ya sa ɗigon gumi ya gangaro ta gilashin idonsa. Satar ta zamani ce, amma fargabar da ɗigon ruwa guda aka gina ta. Dabarar ratayewar ma daga wani fim ɗin Dassin aka gaje ta, Topkapi na 1964.

Wuri ma sai mai kallo ya san shi kamar gidansu. Ina ƙofa, ina matakala, taku nawa ne daga taska zuwa mota, ina mai gadi yake a wannan daƙiƙar. In an yanka hoto gutsi-gutsi har ba ka san wa ke gaba wa ke baya ba, hayaniya kawai kake gani. Musayar wutar da aka yi a tsakiyar Los Angeles a fim ɗin Heat na 1995 ta yi suna saboda ƙarar bindigogin, wadda aka naɗa a wurin tana amsa-kuwwa tsakanin dogayen gine-gine maimakon a ɗora ta a situdiyo. Amma abin da ya riƙe ta shi ne a kowane lokaci ka san ta ina ɓarayin ke son ficewa, ka san wa ya tare musu hanya, ka ga ɗaya na harbi ɗaya na matsawa gaba.

To, duk wannan ƙarfe ne da siminti. Abin da ke raba fim mai kyau da fim na ƙwarai mutanen ne.

An saba da yadda ake tara tawaga: mai tsara shiri, mai fasa sef, direba, ƙaton da ake ajiyewa saboda ko-ta-kwana, mai zuba jari, sai na ciki, domin da ɗan gari akan ci gari. Wannan rabon aikin tun The Asphalt Jungle na John Huston, na 1950, ya zauna daram. Sai dai ƙaramin marubuci yana ba kowa gwaninta guda ya tsaya nan, sai su zama kamar kayan aiki a cikin akwati, wannan sufana wannan filaya. Babban marubuci yana ba kowa gwaninta, sannan ya ba shi tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a fim ɗin sata na ƙwarai ƙadangaren ba daga waje yake zuwa ba. A fim ɗin Huston, tsohon da ya tsara komai, mai kaifin basira da natsuwa, ya riga ya kama hanyar tsira. Ya tsaya a wani wurin cin abinci a bakin hanya, ya ga wata yarinya na rawa, ya zuba mata kuɗi a na'urar kiɗa don ta ƙara, ya zauna yana kallo. 'Yan mintocin nan su suka ba 'yan sanda damar gane shi. Tun farkon fim an nuna mana idonsa na bin hotunan 'yan mata a jikin kalanda, don haka ba mu yi mamaki ba, tausayi muka ji da haushi.

A Rififi ma haka. Aikin ya yi nasara, sun fita da kayan. Amma mai fasa sef ɗin, wanda Dassin da kansa ya fito a matsayinsa, ya ɓoye zobe guda bai faɗa wa kowa ba, ya kai wa wata mawaƙiya da yake so. Ita kuwa a gidan rawar wani ɗan daba take aiki. Zobe guda ya tona asirin mutum huɗu, kuma ba ɗayansu da ya ga ƙarshen fim da rai. A The Killing na Stanley Kubrick, na 1956, an tsara kwashe dala miliyan biyu daga filin sukuwa, kowa da mintinsa. Mai karɓar kuɗin da ke cikin shirin mutum ne da matarsa ta raina, yana son ya burge ta ko sau ɗaya a rayuwa, sai ya ɗan tsegunta mata. Ita kuma ta tsegunta wa saurayinta. A Heat, jagoran da Robert De Niro ya fito a matsayinsa yana da doka guda da yake taƙama da ita, kada ka mallaki abin da ba za ka iya juya wa baya cikin daƙiƙa talatin ba in ka ji zafin 'yan sanda. Ga shi a mota, ga hanyar filin jirgi a buɗe, ga matar da yake so a gefensa. Sai aka gaya masa otal ɗin da wanda ya ci amanarsa yake ɓoye. Ka ga fuskarsa na kokawa da kanta na 'yan daƙiƙu, sannan ya karya kan mota. Ba 'yan sanda ne suka fi shi dabara ba. Ya iya barin mace, bai iya barin ramuwa ba.

Wani zai ce ai wannan tsarin marubuta ne kawai, a duniyar gaske ƙwararru ba sa irin wannan wauta. Tarihi bai goyi bayansa ba. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan wasiƙu daga Glasgow zuwa Landan a watan Agustan 1963 sun rufe koriyar fitilar hanya da safar hannu, suka kunna ja da batir, suka kwashe fam miliyan 2.6. Sannan suka je gonar da suka ɓuya suka zauna wasan Monopoly, wanda ake yi da kuɗin bogi, da kuɗin gaske, suka bar zanen yatsunsu a jikin kayan wasan. A Antwerp ta Beljiyam, a 2003, an shiga taskar cibiyar lu'ulu'u da ake ganin ba ta fasuwa, bayan jagoran ya yi fiye da shekara biyu yana haya a ginin a matsayin ɗan kasuwa. An kiyasta abin da aka ɗauka ya haura dala miliyan 100. Me ya tona su? Shara. Sun zubar da buhunan tarkace a wani ɗan daji a gefen babbar hanya, mai wurin ya gani ya kira 'yan sanda, a ciki har da ragowar burodin da wani ya gutsura ya bari. Marubucin da ya ƙirƙiri wannan da an ce ya cika ƙarya.

Akwai bambanci, duk da haka, tsakanin rushewar da ta fito daga hali da wadda ta faɗo daga sama. Ƙarshen The Killing ya tsaya a kan iyakar biyun, shi ya sa ake ta muhawara a kansa. Jarumin ya tsira da kuɗin, yana filin jirgi, sai ɗan karen wata mata ya kufce ya ruga, mai tuƙa kaya ya kauce masa, akwati ya faɗo ya buɗe, iskar farfelar jirgi ta watsa dala miliyan biyu a sama kamar ganye. In karen kaɗai ka gani za ka ce ƙaddara ce aka jefo don a hukunta shi. Amma Kubrick ya riga ya nuna mana shi yana sayen tsohon akwati mai araha, ya nuna mana makullan sun ƙi kamawa. Mutumin da ya lissafa kowace daƙiƙa ta satar ya yi sakaci da abin da zai zuba kuɗin a ciki. Kare dai ya zo ne ya ƙarasa.

Dole a faɗi cewa wannan yawan faɗuwar ɓarayi a tsofaffin finafinai ba duka ne zaɓin masu fim ba. Dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka fi sani da sunan Hays, an rubuta ta a 1930, aka fara tsananta ta a 1934, ba a yi watsi da ita ba sai 1968. Ta hana a nuna hanyoyin sata da fasa sef dalla-dalla, ta kuma hana a ja tausayin 'yan kallo zuwa ɓangaren mai laifi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, a can doka ce a rubuce. Abin sha'awa shi ne yadda takurar ta haifi fasaha. Tunda dole a rasa kuɗin, sai aka shiga gasar yadda za a rasa su. A Ocean's 11 na asali, na 1960, wanda Frank Sinatra ya jagoranta, an kwashe gidajen caca biyar a daren sabuwar shekara, aka ɓoye kuɗin a akwatin gawar ɗayansu da ya mutu don a fitar da su daga Las Vegas. Sai matar mamacin ta yarda a ƙone gawar a nan garin. Suna zaune a wurin addu'a suna jin ƙugin wutar.

Bayan dokar ta faɗi, ɓarayi suka fara tsira da ganima, sai wata tambayar ta taso: ta yaya mai kallo zai tafi gida da murna alhali an yi sata? Hanyar da aka fi bi ita ce a ɓata mai kayan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan caca ake kwashewa, wanda shi ma aljihun mutane yake kwashewa kullum. Ko kamfanin inshora, ko attajiri mara imani. A Inside Man na Spike Lee, na 2006, mai bankin da dukiyar da ya tara ta hanyar haɗa kai da 'yan Nazi ya kafa bankin, kuma abin da ke cikin akwatin ajiyarsa ne ake nema, ba kuɗin jama'a ba. Sai kuma dokar kada a zubar da jini. Albert Spaggiari, wanda ya jagoranci haƙa rami daga magudanar ruwa zuwa taskar wani banki a birnin Nice a 1976, ya bar rubutu a bango cewa ba makami, ba ƙiyayya, ba tashin hankali, kuma wannan hoton ɓarawo mai aji shi finafinai suka fi so.

Ni dai ina da ja a nan. Wannan wanke ɓarawon yana da daɗi, amma yana da araha, kuma finafinan da suka fi zama a raina su ne waɗanda suka ƙi yin sa. Direban jirgin ƙasan nan na 1963, Jack Mills, an buge shi da ƙarfe a ka, bai ƙara komawa daidai ba har ya mutu, amma shekaru aka yi ana ba da labarin ɓarayin kamar wasu gwaraza. Heat bai ɓoye irin wannan ba. Tun fashin farko an harbe masu gadin motar kuɗi uku, kuma jagoran da muke sha'awar natsuwarsa shi ya ba da izinin kashe na ƙarshen don kada a bar shaida. Kana son sa, kana kuma sane da abin da yake. Dog Day Afternoon na Sidney Lumet, na 1975, wanda aka gina a kan fashin banki na gaske da aka yi a Brooklyn a watan Agustan 1972, ya bi ta wata hanyar dabam: ya cire gwanintar gaba ɗaya. Minti kaɗan da shiga, ɗaya daga cikin ukun ya ce shi ba zai iya ba, ya fice. Jagoransu, Al Pacino, na kokawar zaro bindiga daga kwalin furanni tana maƙalewa. Aka buɗe taska aka tarar an riga an kwashe kuɗin ranar, dala 1,100 ta rage. Sauran fim ɗin zafi ne da gumi da ma'aikatan banki da aka yi garkuwa da su, waɗanda suke mutane masu suna da iyali, ba kayan ado ba. Quentin Tarantino kuma a Reservoir Dogs na 1992 ko satar bai nuna ba. Daga teburin karin kumallo sai mota da mutum kwance cikin jini, sai sito inda waɗanda suka tsira ke tuhumar juna wa ya kai rahoto. Ya cire abin da ake ganin shi ne zuciyar irin wannan fim, fim ɗin kuma bai mutu ba, domin abin da ya rage shi ne ainihin abin: mutanen da dole su yarda da juna alhali sana'arsu cin amana ce.

Shi ya sa rabon ganima ya fi fasa taska haɗari. Kafin sata kowa na buƙatar kowa. Da kuɗi sun shigo hannu, kowane mutum ya zama kaso guda da za a iya ragewa. Ga ɓarawon zaune da zai sayi kayan, wanda ya san ba ka da inda za ka kai ƙara in ya taya maka a wulaƙance. A The Asphalt Jungle lauyan da ya yi alkawarin sayen lu'ulu'un ashe ya karye, ba shi da ko sisi, shirinsa ya karɓi kayan ya gudu. Fim ɗin da ya ƙare a daidai lokacin da mota ta bar ƙofar banki ya bar rabin labarinsa a ƙasa.

Akwai kuma wanda ya ƙi zaɓa tsakanin tsira da faɗuwa. The Italian Job na 1969 ya rikita zirga-zirgar birnin Turin, aka kwashe zinare a ƙananan motocin Mini uku, aka bi da su ta kan matakala da rufin gini da cikin bututun ruwa, aka loda zinaren a babbar bas, aka hau duwatsun Alps ana waƙa. Direba ya sha kwana da gudu, bas ta zame, rabinta na baya ya leƙa rami. Zinaren na can ƙarshen da ke lilo a sama, mutanen na wannan ƙarshen, nauyinsu ne kaɗai ya hana ta tafiya. Jagoransu, Michael Caine, ya kwanta ya ja ciki zai miƙa hannu, bas ta sunkuya, zinaren ya ƙara zamewa nesa da shi. Ya waiwayo ya ce wa sauran su dakata, wata dabara ta zo masa. A nan aka rufe fim. Kusan shekara arba'in bayan haka, a 2008, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Birtaniya ta sa gasa ga duk wanda zai kawo hanyar da za a ceto zinaren cikin rabin awa ba tare da jirgi mai saukar ungulu ba. Wanda ya ci ya ce a fasa tagogi, a sace iskar tayoyin gaba, a tsiyaye man da ke tankin baya, sannan a sauke mutum ɗaya ya riƙa loda duwatsu a gaban motar.